Ɓeran da Ya Sama Mana Magani, In Ya Kwanta Wa Ke Duba Shi?



Yau zancenmu a kan ɓeraye ne, amma ba ɓeran rumbu mai ɓarnar hatsi ba, ba kuma na kwata ba. Ina nufin waɗanda ɗan Adam ya ɗauko da hannunsa ya sa a keji yana kiwo. Akwai ɓeran Masar da yaranmu ke ajiyewa a lungun gida suna yanko masa ciyawa, akwai farin ɓera mai jan ido, akwai kuma wani ɗan dunƙulalle mai guntuwar wutsiya, mai cusa abinci a kumatu, wanda Turawa ke kira hamsta, yaransu na kiwonsa a ɗakin kwana.

Abin da ke damuna game da su shi ne wannan. Duk cikin dabbobin duniya babu wadda likitoci suka san cikinta da bayanta irin sanin da suka yi wa ɓera. An auna jininsa, an leƙa ƙwaƙwalwarsa, an karanta ƙwayoyin halittarsa daga farko har ƙarshe. Da wuya ka ɗauki ƙwayar magani a kyamis wadda ba a fara gwada ta a jikin ɓera ba. Amma ran da ɗaya daga cikinsu ya kwanta ciwo a hannun mai kiwonsa, sai ka tarar shi ne majinyacin da aka fi rasa yadda za a yi da shi. An tara ilimin a jikinsa ne domin mu, kuma kaɗan ne daga ciki ya koma ya amfane shi.

Mu fara da ɓeran Masar, tunda shi muka fi sani. Asalinsa daga tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda aka yi dubban shekaru ana kiwonsa domin nama. A ƙarni na 16 fatake suka kai shi Turai, daga baya ya bazu har nahiyarmu, inda a Kamaru da gabashin Kwango da Tanzaniya talakawa ke kiwonsa domin miya da ɗan kuɗin kashewa. A shekarar 1882, lokacin da Robert Koch ya tsaya a Balin ya sanar da duniya cewa ya gano ƙwayar da ke haddasa tarin fuka, ɓerayen Masar na cikin dabbobin da ya sa wa cutar don ya kafa hujja. A 1890 Emil Behring ya yi amfani da su wajen samo ruwan jinin da ke karya dafin mashaƙo. Wanda ya ga abin da mashaƙo ya yi wa yaran Kano a 2023 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan darajar wannan aiki.

Sai kuma labarin da ya fi shafar mai kiwo kai tsaye. A 1907 wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suna binciken wata cuta da ke addabar ma'aikatan jirgin ruwa. Da tattabaru suka fara, daga baya suka koma kan ɓerayen Masar, suna ba su tsabar hatsi zalla ba ɗanyen ganye. Ba a jima ba dabbobin suka fara kumburin gaɓoɓi, dasashinsu na jini, haƙora na girgiɗi. Wannan ita ce ainihin cutar da ta daɗe tana kashe matuƙan jiragen ruwa a doguwar tafiya. Da aka ba su ɗanyen kabeji da ruwan lemon tsami, sai suka miƙe. Dalili kuwa, ɓeran Masar na cikin 'yan tsirarun dabbobin da jikinsu ba ya haɗa bitamin C da kansa, irin mu 'yan Adam, sai dai ya samu daga abinci. Kare na haɗa nasa, akuya na haɗa nata, farin ɓera ma haka. Ta wannan hanya aka bi har aka tsamo sinadarin a farkon shekarun 1930.

To ga shi shekara fiye da 100 da wannan bincike, amma har gobe ɓerayen Masar na mutuwa da wannan cuta a gidajen masu kiwonsu, a nan da Turai baki ɗaya. Ka shiga gida da rani, lokacin da ciyawa ta bushe. Yaro ya kewaye lungu da bulo, ya rufa kwano a sama, yana zuba musu dusa da ragowar tuwo da busasshiyar harawa, yana ganin ya ƙosar da su. Bayan 'yan makonni sai ɗaya ya daina gudu, yana jan ƙafar baya, gashinsa ya yamutse, in an ɗauke shi ya yi ƙara domin gaɓoɓinsa na ciwo. Sai a ce iska ce, ko a ce wani ya taka shi. Alhali abin da yake nema bai wuce yankan ɗanyen tattasai ba, ko ɗan ganyen kabeji, ko guntun gwaiba, kullum. Babu wanda ya taɓa gaya wa yaron nan haka.

Abin da ke biyo baya ya fi muni. Wani babba a gidan, da kyakkyawar niyya, sai ya ɗauko kafson ampisilin, ya buɗe, ya kaɗa garin a ruwa ya ɗura masa, tunda haka ake yi wa kaji. A nan nake roƙon masu sauraro su buɗe kunne sosai. Penisilin da danginsa, irin su ampisilin da amoksisilin, da kuma eritromaisin da kilindamaisin, suna iya kashe ɓeran Masar da hamsta cikin 'yan kwanaki, musamman in ta baki aka ba su. Hanjin waɗannan dabbobi cike yake da ƙananan ƙwayoyin halitta masu amfani waɗanda ke narka musu ciyawa. Maganin sai ya share waɗannan, ya bar fili ga wata muguwar ƙwaya mai suna Clostridium difficile, ta hayayyafa, ta zuba dafi. Sai zawo, sai kumburin ciki, sai mutuwa. Mai gida kuma ya ce ai ciwon ne ya ci ƙarfinsa.

Akwai tarihi a bayan wannan ma. Ranar 25 ga watan Mayu na 1940, a Jami'ar Oxford ta Ingila, Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu suka sa wa ƙananan ɓeraye 8 ƙwayar cuta mai kisa, suka yi wa 4 allurar penisilin, suka bar 4. Kafin wayewar gari waɗanda ba a yi wa allura ba sun mutu, sauran na nan da ransu. Masana kan ce da ɓeran Masar suka zaɓa a ranar, watakila da an ɗauki penisilin a matsayin guba an jingine shi. Bayan kusan shekara 40, a wajajen 1977 zuwa 1978, wani likita a Boston ta Amurka, John Bartlett, ya kama wannan rauni na hamsta ya yi aiki da shi. Marasa lafiya a asibitoci na kamuwa da mugun zawo bayan shan wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, an rasa dalili. A cikin hanjin hamsta aka gano mai laifin, wato ita wannan Clostridium. Yau duk ɗalibin likitanci ya san sunanta. Amma je ka tambayi mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa ko ya san kada a ba ɓeran Masar ampisilin.

Ita kanta hamstar, likitanci ne ya fito da ita daga rami. Wani masanin cututtuka a Jami'ar Hibru ta birnin Ƙudus, Saul Adler, yana binciken kala'azar, cutar da wani ɗan mitsitsin ƙuda ke yaɗawa, mai kumbura saifa, wadda 'yan uwanmu mazauna yankin Gadarif a Sudan suka sani sarai. Dabbar da yake gwaji da ita daga Sin ake kawo ta, kuma ta ƙi haihuwa a keji. Sai abokin aikinsa Israel Aharoni ya tafi Siriya a 1930, aka haƙa rami a wata gonar alkama kusa da Halab, aka ciro uwa da 'ya'yanta. Uwar ta mutu, wasu 'ya'yan suka tsere, uku ko huɗu suka rage. Su ne suka hayayyafa, aka kai jikokinsu Ingila a 1931, aka kai Amurka a 1938, daga ɗakin bincike suka tsallaka kantin sayar da dabbobi. Mafi yawan hamstar da ke cikin kejin yaran duniya a yau zuriyar wancan rami ɗaya ce. Da annobar korona ta ɓarke a 2020, ita ce kuma aka koma wa, domin cutar na kama huhunta kusan yadda take kama namu.

Mai sauraro zai ce, to in an san su haka, me ya hana a iya yi musu magani? Amsar tana cikin irin tambayar da mai bincike ke yi. Shi ba ya neman ya warkar da ɓeran da ke gabansa. Yana so ne ya san abin da magani zai yi wa mutum. Ɓeran ɗakin bincike matashi ne, lafiyayye, daga tsatso guda da aka tace, irin zuriyar Wistar da aka fara kiwo a Filadelfiya tun 1906. An haife shi a ɗaki mai tsabtar da ko iskar da ke shiga sai an tace ta, kuma galibi ana gama aiki da shi tun bai tsufa ba. Ɓeran gida kuwa tsufa yake yi, da cututtukan tsufa. Misali, kusan duk farin ɓeran da ake kiwo a gida na ɗauke da wata ƙwaya mai suna Mycoplasma a hanyar numfashinsa, wadda ke sa shi atishawa da kurari, ta ci huhunsa a hankali, kuma zarnin fitsari a kejin da ba a sharewa na ƙara rura ta. Ɗakunan bincike sun raba ɓerayensu da wannan ƙwaya tun tuni, domin tana ɓata musu sakamako. Da suka rabu da ita, sai neman maganinta ya daina zama abin gaggawa. Likitan dabbobi yana lallaɓa ta da doksisaikilin da enrofuloksasin, ta lafa, ta dawo. Haka ƙarin mama, wanda ya yi yawa a matan ɓeraye in sun manyanta. An yi dubban gwaje-gwaje ana haddasa wa ɓera ƙari da gangan don a fahimci sankarar mama ta mata, amma binciken yadda za a kula da tsohuwar ɓera mai ƙari a gida bai taka kara ya karya ba.

Sai batun kuɗi. Kafin kamfani ya yi rajistar magani domin wata dabba, sai ya kashe maƙudan kuɗi a gwaji, yana sa ran ya mayar. Saniya na da kasuwa, kaza na da kasuwa, kare da kyanwa a Turai sun fi su. Dabbar da ake saya da kuɗin da bai kai na katin ganin likita ba, wadda kuma ba ta daɗewa a duniya, babu kamfanin da zai ɓata lokaci a kanta. Shi ya sa yawancin magungunan da ake ba su an yi su ne domin kare ko kyanwa ko mutum, likita ne ke lissafi ya rage gwargwadon nauyi. Shi kansa ilimin likitancin dabbobi ba domin su aka kafa shi ba. Makarantar farko, wadda Claude Bourgelat ya kafa a Liyon ta Faransa a 1761, dawaki da annobar shanu ne suka kawo ta. Cibiyarmu ta Vom kusa da Jos, a 1924, ciwon bushiya mai kashe shanu ne ya kafa ta. Wannan ba laifi ba ne, dukiyar jama'a ce aka tsare. Amma ya nuna inda idon likita ya saba kallo.

Ina so masu sauraro su ɗan tsaya tare da likitan dabbobi a gaban teburinsa, su ga wuyar aikin. An kawo masa ɓeran Masar a kwali, an ce kwana biyu bai ci komai ba. Abu na farko, ya ɗora shi a ɗan sikelin giram, domin babban ɓeran Masar tsakanin giram 700 ne zuwa kilo ɗaya da ɗan ɗoriya, kuma kuskuren ɗigo biyu a magani na iya zama ninki. Ya shafa haɓarsa, ya ji ta jiƙe da yawu. Haƙoran gaba lafiya lau a ido, don haka mai shi ya rantse ba haƙori ba ne. Sai likita ya zura 'yar fitilar leƙen kunne ta gefen baki, ya ture kumatu, can ciki ya hango turamen ƙasa sun yi tsawo, sun karkato ciki, sun haɗu a saman harshe sun danne shi. Dabbar na jin yunwa, tana zuwa gaban abinci, tana ɗauka, amma ba ta iya juya shi ta haɗiye. Haƙoran ɓeran Masar, na gaba da na ciki, ba sa daina tsiro har ya mutu, taunar ciyawa mai kaushi ce ke goge su. In aka mayar da shi kan abinci mai laushi, ƙarshenta ke nan. Gyaran kuwa sai an sa shi barci da iskar magani, a goge turamen da ɗan inji, ana ɗumama jikinsa domin ƙaramin jiki na saurin yin sanyi. In ƙaramin ɓera ne mai giram 30, duk jinin jikinsa bai wuce mililita 2 ba, ko rabin ƙaramin cokali bai cika ba. Ɗigo kaɗan ya zuba a wurin tiyata an shiga haɗari.

Ƙari a kan haka, waɗannan dabbobi abincin wasu ne a daji, shaho da maciji da muzuru duk su suke nema. Wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗauka, don haka Allah ya yi su da ɓoye ciwo. Kafin mai kiwo ya lura, ciwon ya yi nisa. An daɗe ana yi wa ɓeraye tiyata a ɗakunan bincike ba tare da isasshen maganin kashe zafi ba, domin ba a ga suna kuka ba.

A nan ne aka fara biyan bashin da ɓeraye ke bin mu, kuma ya kamata a faɗa. A 2010 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada, ƙarƙashin Jeffrey Mogil, suka fitar da hanyar karanta zafi a fuskar ƙaramin ɓera: ido ya tsuke, hanci da kumatu su canza, kunne ya koma baya, gashin baki ya sauya tsayuwa. Shekara guda bayan nan aka fitar da irinta domin babban ɓera. Yanzu likita na iya duban fuskar majinyacinsa ya ce wannan yana jin jiki, a ƙara masa magani. A shekarar 2010 ɗin dai, Jane Hurst ta Jami'ar Liverpool ta nuna cewa ɗaga ɓera ta wutsiya, abin da kowa ke yi, yana jefa shi cikin tsoro mai ɗorewa, gara a bar shi ya shiga ɗan bututu ko a tallafe shi a tafin hannu. Kafin su, Jaak Panksepp ya gano cewa ɓera in ana yi masa cakulkuli yana fitar da wata siririyar murya da kunnenmu ba ya ji, kuma yana bin hannun yana neman ƙari. Dabbar da ke jin daɗi haka, babu mai cewa ba ta jin zafi. Ƙasar Suwizalan ma tun 2008 ta hana ajiye ɓeran Masar shi kaɗai, domin dabbar garke ce, kaɗaici na cutar da ita. Hamstar Siriya kuwa akasin haka take, in ka haɗa manya biyu a keji ɗaya sai sun yi wa juna rauni.

Aikin da ya fi burge ni shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan na da wani shiri mai suna VetCompass, wanda ke tattara bayanan da likitoci ke rubutawa a asibitocin dabbobi, a cire sunayen masu su, a ƙirga. A 2022 suka fitar da sakamakon duba fayil ɗin hamsta kusan 4,000. Suka tarar abin da aka fi kawo su asibiti a kai shi ne zawon da ke jiƙa gindin wutsiya, sai raunin cizon juna, sai tsawon farce da na haƙori, kuma rabinsu ba sa wuce wata 21 a duniya. Ba a sa wa ko ɗaya cuta ba, ba a yanka ko ɗaya ba. An dai zauna an karanta abin da ke damunsu a gidajen da suke zaune. Sai da aka shekara 92 da fito da hamsta daga ramin Halab kafin a yi mata ƙidaya mai girman wannan, domin ita kanta.

Na san abin da ke zuciyar wasu masu sauraro, kuma ba na raina shi. Za su ce mace mai naƙuda ba ta samu gado a asibiti ba, makiyayi na neman allurar shanunsa bai samu ba, kai kana maganar ɓera. Gaskiya ne, kuma ba na cewa a ɗauki kuɗin asibitin yara a gina na ɓeraye. Abin da nake cewa, babu wanda ya tilasta wa kowa ya sa dabba a keji. Ran da ka rufe ƙofar kejin, ka hana ta neman ganyen da jikinta ke bukata, ka hana ta neman inuwa, to cinta da shanta da lafiyarta sun dawo wuyanka. Malamanmu sun sha karanta mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Halaccin kashe ɓeran da ke ɓarna a gida daban ne, barin wanda ka tsare da hannunka ya mutu da yunwa a gaban abinci daban ne. Yawancin abin da ake bukata ma ba kuɗi ba ne, sani ne.

Sannan lafiyarsu ba ta rabuwa da lafiyar gidan. A 2003 aka yi jigilar ƙananan dabbobin daji kusan 800 daga Gana zuwa Amurka domin masu sha'awar kiwo, cikinsu har da gafiya. Wasu na ɗauke da ƙyandar biri. A wajen wani dillali a jihar Illinois suka shafa wa wasu dabbobin ƙasar, aka sayar da su gidaje, mutum 47 suka kamu a jihohi 6. Babu wanda ya mutu, amma daga nan Amurka ta hana shigo da ɓerayen Afirka. A Janairun 2022 hukumomin Hong Kong suka ba da umarnin kashe hamsta kusan 2,000 bayan an samu korona a wani kantin sayar da su. Mu kuma muna da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, kuma wani ɓeran daji mai nonuwa da yawa, wanda ke shiga gidaje da ɗakunan ajiya, shi ke ɗauke da shi a fitsari da kashi. Don haka yaro kada ya kamo ɓeran gona ko gafiya ko kurege ya ce zai yi kiwo. Kejin ɓeran Masar kuma a toshe shi yadda na daji ba zai shiga cin abincinsa ba, a rufe dusar, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa su. In aka ga gashi na zubewa ya bar da'ira, a yi hattara, makero ne mai kama yara. Ko a wannan cuta ta Lassa, ɓeran Masar na cikin dabbobin da ake gwada allurar rigakafi a kansu.

Ita gafiyar ma da ake yi wa kallon nama kawai, wata 'yar uwarta ta kusa na aiki a Tanzaniya. Ƙungiyar APOPO da ke Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine a Morogoro na horar da su su shinshino nakiyoyin da aka binne da kuma tarin fuka a majina. Ɗaya mai suna Magawa ya gano nakiyoyi da abubuwan fashewa fiye da 100 a Kambodiya, ya samu lambar zinariya a 2020, ya mutu a Janairun 2022 yana da shekara 8, bayan an yi masa ritaya. Da likita a kansa da abinci mai kyau ya kai wannan shekaru.

Kiran da nake yi na farko ga tsangayoyin likitancin dabbobi ne, irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Kano. A jami'o'inmu kowace shekara ɗalibai na sayen fararen ɓeraye domin aikin kammala karatu, ana gwada saiwa da ganye da sassaƙe a kansu. Wannan aiki na da amfani. Amma ɗalibin da za a miƙa wa ɓera ya kamata a fara koya masa riƙe shi, da karanta zafi a fuskarsa, da ba shi maganin kashe zafi, kuma kwamitocin kula da haƙƙin dabbobin gwaji su riƙa leƙa ɗakin da ake ajiye su da kansu. Asibitocin koyarwa kuma su buɗe fayil ga duk ɓeran Masar da aka kawo, su rubuta abin da yake ci, da inda yake kwana, da abin da ya kashe shi. Littattafan da ake karantawa a ƙasashe masu sanyi aka rubuta su. Sun ce ɓeran Masar ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, kuma in zafi ya doshi 30 yana iya suma ya mutu, domin ba ya gumi. Mu kuwa a watan Afrilu ma'auni na haura 40. Yadda namu ke rayuwa a wannan zafi, da ciyawar da ta fi yi musu da rani, da ganyen gida da zai ba su bitamin C a farashin da yaro zai iya, likitocinmu ne ya kamata su auna su rubuta.

Ga mai kiwon ɓeran Masar kuma, kafin a kai ga likita. A ɗauke su daga ƙarƙashin rufin kwano a kai su inuwa mai iska, a jiƙa buhu a rataya a gefe in rana ta take. Ciyawa kada ta yanke a gabansu dare da rana, ruwa mai tsabta kullum. Macen da ta haura wata 7 ba ta taɓa haihuwa ba, a yi shawara da likita kafin a haɗa ta da namiji, domin ƙashin ƙugunta kan ƙi buɗewa, 'ya'yan kuma manya ake haifarsu. Wanda ke da ɗan sikeli ya auna su sau ɗaya a mako, in ɗaya ya ragu da giram 50 ko fiye, akwai magana. Ɓeran da kuma ya yini ya kwana bai ci ba, kada a jira jibi: a markaɗa ɗanyen ganye da ruwa a riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan da sirinji marar allura ta gefen baki, a nufi asibitin dabbobi da shi, a kuma gaya wa likita duk maganin da aka riga aka ba shi.